Halin Dabbobi Kafin Aukuwar Bala'i



Tun zamanin kakanni an lura cewa dabba takan sake hali kafin bala'i ya auku. Kare ya yi ta haushi ba dalili, doki ya yi ta fizgar turke, ɓeraye su bar ramukansu. Kunnen kare yana kama sautin da na mutum ba ya kamawa, kuma dabbobi da dama suna jin motsin ƙasa tun yana ƙanƙane. A Haicheng ta ƙasar Sin, macizai sun fito cikin tsananin sanyi kafin girgizar ƙasa ta 1975.

Amma fa dabba ba ta faɗin rana. Ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a Yola da Jimeta a 2012 da 2022 ta tsananta ne bayan an saki ruwan madatsar Lagdo a Kamaru. Kare bai san ranar buɗe madatsa ba, hukuma ce take sanarwa.

Saboda haka mazauna bakin kogin Binuwai su lura da dabbobinsu, amma su riƙa sauraron rediyo. In an ce a tashi, a kwance dabbobi, a koma tudu.

Allah ya kiyaye, amin.