Wa ke biyan kuɗin karatun malamar renon yara? Labari daga Yahudawan Amurka

 

Yau za mu yi nisa, za mu leƙa al'ummar Yahudawan Amurka. Na san wani zai ce, duk labaran duniya a rasa na ɗaukowa sai wannan? To, a yi mini haƙuri. Siyasar Gabas ta Tsakiya tana da nata filin, ba ita ta kawo mu ba. Abin da ya kawo mu shi ne malamar da ke koyar da yaro ɗan shekara 3 ko 4, da kuma wanda ya biya mata kuɗin karatu kafin ta zama malama. Mutanen Najeriya na ce wa wannan tallafi sikolashif, mutanen Nijar su ce burs. Mun saba jin an ba da shi ga mai karatun likita ko injiniya. Amma ga mai koya wa yara waƙa da wanke hannu? Nan ne labarin yake.

Bari mu fara daga baya, don tsohon zance ne a wurinsu. A cikin Talmud, wato babban kundin fikihu da muhawarar malamansu, an ambaci wani shugaban masu ibada na Birnin Ƙudus mai suna Yehoshuwa ben Gamla, wanda ya rayu a ƙarni na farko na Miladiyya. Shi ne aka ce ya kafa dokar a sa malaman yara a kowane gari, a kawo yaro yana ɗan shekara 6 ko 7. A wannan babin har adadin 'yan aji an yanke: yara 25 ga malami ɗaya. In sun kai 40 a sa masa mataimaki, kuma mutanen gari su taimaka wajen biyansa. In sun kai 50 a sa malamai biyu. Ku duba fa, tun wancan zamani ana lissafin yara nawa kan mutum ɗaya zai iya ɗauka.

Daga baya, a ƙasashen Turai, makarantar ƙananan yara ta Yahudawa sunanta heder, ma'ana ɗaki, don galibi a ɗakin malam ake karatun. Akwai wata al'ada tasu da duk wanda ya yi makarantar allo zai ji ta kusa da shi. Ranar da aka fara kai yaro, sai a rubuta haruffan Ibrananci a kan allo, a shafa zuma, yaro ya lashe, don ya fara sanin karatu da zaƙi a baki. Malamin kuwa ana kiransa melamed. Kunne zai ce ai malam ne, amma tushen kalmomin daban yake. Abin da bai bambanta ba shi ne aljihu. Melamed talaka ne, abin da iyaye suka miƙo da shi yake ci, har ya zama abin barkwanci a labaransu. Ni dai da na karanta wannan, malaminmu na allo na tuna, da kuɗin Laraba da muke kai masa, wanda wani makon rabinmu ma ba mu kawo ba, kuma bai taɓa korar kowa ba.

To, mu ƙetara teku. A Amurka, tun farko sun gane cewa ba za a samu malamai ba sai an kafa inda za a horar da su, kuma sai an samu mai biya. A birnin Filadelfiya, wata mata mai suna Rebecca Gratz ta buɗe makarantar Lahadi ta yaran Yahudawa a 1838. Ɗan uwanta Hyman Gratz, attajiri, ya ware dukiya a 1856, abin da mu za mu kira wakafi, da sharaɗin in magadan da ya ambata suka rasu ba su bar baya ba, a kafa kwaleji da ita. Kusan shekara 40 aka yi kafin a kai ga haka. A 1895 aka kafa Kwalejin Gratz, aikinta na farko horar da malamai, kuma tana nan har yau. A New York ma an buɗe cibiyar horar da malamai a 1909 a ƙarƙashin babbar makarantar addini ta Jewish Theological Seminary.

Me ya sa hankali ya koma kan 'yan shekara 2 zuwa 5 a zamaninmu? Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta a 2020 cewa Yahudawan Amurka sun kai miliyan 7.5, manya da yara. Ƙalilan ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 330. Binciken ya kuma nuna cewa cikin waɗanda suka yi aure daga 2010, kashi 61 cikin 100 sun auri wanda ba Bayahude ba. Iyalai da yawa ba sa zuwa wurin ibada sai jefi-jefi. Amma uwa da uba duk suna fita aiki, dole su nemi inda za su ajiye yaro da safe. Sai makarantar renon yara da ke jikin wurin ibada ko cibiyar al'umma ta zama ƙofar da iyali ke shigowa ta ciki. Ranar Juma'a yara kan murɗa burodin da ake kira halla don shirin hutun Asabar, su jefa 'yan kwabbai a akwatin tsedaka, kalmar da take 'yar uwar sadaka ce a wurinmu, su koyi gaisuwa da ƙirga da Ibrananci. Yaro ya koma gida yana rera abin da ya koya, sai uban da ya manta ya fara tunawa. Shugabannin al'ummar sun ga haka, shi ya sa suka ɗauki malamar wannan aji da muhimmanci.

Ita kuwa malamar, kaya biyu ke kanta. Na farko, hukumar jiha tana da sharuɗɗanta kafin makaranta ta samu lasisi. Akwai wata takardar shaida da aka sani a duk faɗin ƙasar, CDA, wadda ke buƙatar awa 120 na horo da awa 480 na aiki da yara, wasu wuraren kuma sai da digiri. Na biyu, sai ta san bukukuwan addinin da labaransu da 'yan kalmomin Ibrananci. Abin da zai ba ku mamaki, da yawa daga cikin malaman nan ba Yahudawa ba ne, don haka sai an koya musu daga tushe. Karatun jami'a a Amurka kuwa tsada gare shi, ɗalibai da yawa da bashi suke fitowa.

Yanzu ga albashin. Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin abin da malamin renon yara ke samu a shekara kusan dala 37,000 ne, na firamare kuma ya haura dala 60,000. Kada wani ya buga lissafi ya ce ai sefa miliyan 20 da 'yan kai ne, me ake wa kuka? A birni irin New York ko Los Anjeles, kuɗin haya kaɗai zai iya cinye fiye da rabi. Wace budurwa ce za ta ci bashin karatu don aikin da ba zai iya biyan bashin ba?

Wannan ramin ne tallafin karatu ke ƙoƙarin cikewa. Babban misali shi ne gidauniyar Jim Joseph da ke San Faransisko. Mutumin ɗan kasuwar gidaje da filaye ne, ya rasu a 2003 ya bar dukiyarsa don ilimin yara da matasan Yahudawa. Zuwa 2010 gidauniyar ta ware dala miliyan 45 ga manyan makarantu uku, Hebrew Union College, da Jewish Theological Seminary, da Jami'ar Yeshiva, kowace miliyan 15, don horar da malamai da shugabannin makarantu, ciki har da biya wa ɗalibai kuɗin karatu. Ku lura, makarantun nan uku na ɓangarorin addini uku ne da ba su jituwa a kan abubuwa da dama, amma a kan malamai aka haɗa su a tabarma ɗaya. Biyu daga ciki sun kuma buɗe shiri na musamman don masu shugabantar makarantun renon yara, tare da Kwalejin Bank Street ta New York, wadda ta yi suna a wannan fanni. A 2023 kuma, bayan annobar korona ta watsa malamai, ƙungiyar cibiyoyin al'umma da tarayyar ƙungiyoyin agajinsu da ɓangaren masu sassauci suka fito da shirin ElevatEd don nemo sababbin malamai da horar da su.

Yadda irin wannan tallafi ke tafiya ba a ɓoye yake ba. A biya kuɗin makaranta, duka ko wani kaso. A tsara darussan da yamma ko ta intanet, don malama ta ci gaba da aikinta da rana. A haɗa ta da tsohuwar hannu da za ta riƙa shiga ajinta tana gyara mata. Wasu shirye-shiryen kan sa sharaɗin ta zauna ta yi aiki na wasu shekaru bayan ta gama. A ganina, na ukun nan ya fi sauran daraja, don ranar da yaro 12 suka fashe da kuka lokaci ɗaya, takardar digiri ba ta rarrashi.

Amma fa jama'a, akwai inda gizo ke saƙa. Ka biya wa malama karatu ta samu digiri, yanzu ta cancanci aiki a makarantar gwamnati, inda albashi ya fi, ga inshorar lafiya ga fansho. Wa zai ga laifinta in ta tafi? Ke nan gidauniya ta horar wa wani. In kuma makaranta ta ce za ta ƙara albashi, daga ina? Yawancin kuɗinta daga iyaye yake, kuma doka ba ta yarda a tara wa malama ɗaya ƙananan yara da yawa ba, balle a ce a cika aji don kuɗi su yawaita. A ƙara kuɗin makaranta, iyayen da ake son jawowa su gudu. Attajiri kuma ya fi son ya ba da kyauta mai sunansa sau ɗaya, a kan ya ɗauki nauyin albashi wata bayan wata har abada. Masu harkar da kansu suna faɗin wannan a fili, kuma har yanzu ba su warware shi ba.

Ba zan ce mu kwafi Amurka ba, aljihunmu ba ɗaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne. A garuruwanmu ba mu rasa masu wakafi, ana gina masallaci, ana haƙa rijiya, ana kai mutane Makka, Allah ya saka musu. Ni dai a iya yawona da na'urar ɗaukar murya, ban taɓa cin karo da wanda ya ce mini ya ware gona ko shago don a biya wa malamar Islamiyya ta ajin ƙanana kuɗin ƙaro karatu ba. Wataƙila akwai, ni ne ban isa wurin ba. In kun san irinsa a garinku, ko a wane gefen iyaka yake, ku aiko mana da saƙo, za mu je mu ji daga bakinsa mu kawo muku a wannan fili.

Agogon ɗakin shirye-shirye ya cika. A huta lafiya.