Soyayya da Binciken 'Yan Sanda: Giɓin da Ke Cikin Adabinmu

 

A Amurka akwai wani nau'in ƙagaggen labari mai farin jini. A yi kisa a wani ƙaramin gari na kudancin ƙasar, a ɗora wa mutum biyu bincike, yau da gobe soyayya ta shiga tsakaninsu. Marubuciya Karin Slaughter ta fara wani jerin littattafai irin wannan a 2001, ta kafa shi a jihar Jojiya, inda shugaban 'yan sandan gari yake aiki da tsohuwar matarsa, likita mai duba gawa. Ƙarfin labarin shi ne ƙanƙantar garin: mai bincike ya san wanda ake zargi, ya san iyayensa.

Mu ma ba mu rasa kayan aiki ba. Ta fuskar soyayya muna da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Ta fuskar laifi muna da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, duka a 1982. Amma ɗan sanda a yawancin littattafanmu sai an gama komai yake isowa, ya sa ankwa ya tafi, ko kuwa ya nemi na goro. Ba mu cika ba shi gida da iyali da zuciya ba.

Ku dubi unguwar nan ta Gangare a Jos. Ga tashar jirgin ƙasa, ga Taminus inda babbar kasuwa ta ƙone a 2002, ga jikokin waɗanda haƙar kuza ta kawo kakanninsu, kowa ya san asalin kowa. A ce an fasa shago an kashe maigadi, an ba wani sufeto da abokiyar aikinsa bincike. Wanda ya ga abin ba zai buɗe baki a caji ofis ba, sai a zauren mai unguwa bayan sallar isha'i. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa kuwa, ita kaɗai za ta shiga ta zauna kan tabarma da matan gida, ta ji abin da shi ba zai taɓa ji ba. Kowannensu yana buƙatar ɗan'uwansa, daga nan shaƙuwa take farawa. To, idan sawun ɓarawo ya ƙare a ƙofar kawunta, wanda shi ne waliyyinta, kuma sufeto ya riga ya kai gaisuwa, yaya za su yi? Nan ne zumunci da gaskiya suke karo, kuma mai karatu zai tambayi kansa abin da shi zai yi.

Wannan bai yi nisa da rayuwa ba. Tun 1955 mata suke aikin ɗan sanda a Nijeriya, kuma kwalejin horar da manyan jami'an 'yan sanda tana nan Jos. Garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 ya fi kowa buƙatar labarin da ake hukunta mai laifi da hujja, ba da zargin ƙabila ko addini ba.

Saboda haka ina roƙon marubutanmu su yi tattaki. Ku zauna da tsofaffin 'yan sanda, ku halarci zaman kotu, ku koyi yadda ake ɗaukar bayani da ba da beli, sannan ku rubuta. Allah ya ba mu zaman lafiya.