Katafaren Kanti a Ma'aunin Shari'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a 2014 aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, Kano. Mene ne matsayinmu?

Ba ma ƙin ciniki. Allah Ya halatta shi, kuma Annabi (SAW) da kansa ya kafa wa Musulmi kasuwa a Madina. Matasa sun samu aiki, farashi a rubuce yake, babu rantsuwar ƙarya. Wannan maslaha ce.

Amma mu auna mafsada: cunkoson titi, cakuɗuwar maza da mata, shagala da kallo lokacin salla. Kuma a 2024 Shoprite ya rufe reshensa na wurin, alhali Kantin Kwari da Sabon Gari suna nan. Talakan unguwa da mudu yake awo.

Saboda haka muna kira ga hukuma: kafin a ba da izinin irin wannan gini, a shardanta masallaci, hanyoyi, da rumfuna masu rahusa ga ƙananan 'yan kasuwa.

Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu daga almubazzaranci. Wassalamu alaikum.