Me Ya Sa Gidajen Abincin Gaggawa Ke Shan Wuya a Ƙananan Tsibirai?

(Jawabin da aka gabatar a taron lacca na Ƙungiyar Ɗalibai)



Maganar da zan yi yau ta shafi wasu ƙasashe ne masu nisa da mu ƙwarai, wato ƙananan tsibiran da ke tsakiyar teku, da irin wahalar da manyan kamfanonin sayar da abinci ke sha a cikinsu. Na san wani zai ce, to, ina ruwan biri da gada? Dalilina shi ne, a babbar ƙasa yawan jama'a yakan rufa wa kuskuren ɗan kasuwa asiri har tsawon shekaru, amma a ƙasar da mutanenta ba su wuce dubu ɗari uku ba, kuskure ba ya samun wurin ɓuya. Saboda haka mai son ya fahimci yadda ciniki ke rayuwa ko ya mutu, zai fi ganin abin a fili idan ya dubi ƙaramar ƙasa.

Da farko, mene ne abincin gaggawa? Shi ne abincin da mutum zai tsaya ya biya, a miƙo masa cikin 'yan mintoci, ya ci nan take ko ya tafi da shi. A wannan ma'ana mai tsire da mai ƙosai sun daɗe suna wannan sana'a. Amma abin da nake nufi a nan shi ne manyan kamfanonin Amurka irin su McDonald's da KFC, masu dubban rassa a duniya. Yawancin rassan nan ba kamfanin ne ke gudanar da su da kansa ba. Wani attajiri ne na ƙasar yake aron sunan. Shi zai gina wurin, ya sayi na'urori, ya ɗauki ma'aikata, sa'an nan ya riƙa biyan kamfanin wani kaso daga cikin cinikinsa, ko ya ci riba ko ya faɗi. Bugu da ƙari akwai sharaɗi, cewa ɗanɗanon abincin ya zama iri ɗaya da na ko'ina, don haka nama da cuku da dankalin Turawa, har takardar naɗe abinci, sai daga inda kamfani ya amince za a saye su. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ribar da ke kan kowane sayi guda kuwa kaɗan ce, yawan masu saye ne ke tara ta. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, yawan masu saye da kaya iri ɗaya, domin su ne tsibiri ba ya iya bayarwa cikin sauƙi.

Ga abin da ya faru a wasu wurare. A tsibirin Barbados, a yankin Karibiyan, McDonald's ya buɗe a 1990, bai cika shekara ba ya rufe saboda rashin ciniki. A Jamaika ya shiga a 1995, ya tattara nasa ya nasa ya fita a 2005. A Tirinidad ya rufe a 2003, sai a 2011 ya sake komawa. A Aisland, can arewacin tekun Atlantika, ya buɗe a 1993 da babban biki, har Firayim Ministan ƙasar na lokacin, David Oddsson, shi ya fara cin abincin, amma a ƙarshen watan Oktoba na 2009 aka rufe dukan rassansa uku. Kamfanin da ya kafu a ƙasashe fiye da 100, me ya kā da shi a waɗannan wurare?

Dalili na farko shi ne ƙarancin jama'a. Mutanen Barbados kimanin 280,000 ne, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 430. Wasu ƙananan hukumomin birnin Kano sun fi ƙasar nan yawan mutane. A Amurka ɗakin ajiya guda mai sanyi yakan ciyar da ɗaruruwan rassa, talla guda a talabijin ta isa miliyoyin mutane, sai kuɗin ya rarrabu, kowane reshe ya ɗauki ɗan kaɗan. A tsibiri kuwa rassa biyu ko uku ne za su ɗauki nauyin ɗakin ajiya, da motar rarraba kaya, da horar da ma'aikata, da talla. Idan ciniki ya ja baya, ba wani gari na gaba da za a je neman sababbin masu saye, domin duk inda aka nufa teku ce iyaka.

Dalili na biyu shi ne tekun kanta. Yawancin ƙasashen Karibiyan suna sayo fiye da rabin abincinsu daga waje. Naman da aka daskarar sai an ɗauko shi a kwantena mai firji, jirgi kuwa ba kullum yake zuwa ba, kuma sau da yawa sai an sauke kaya a wata babbar tasha kamar Kingston kafin a sake ɗora su a ƙaramin jirgi. Kwantenar da ta zo cike takan koma ba kome, saboda tsibirin ba shi da kayan da zai cika ta da su, mai jirgi kuwa sai ya fanshe kuɗin komawar a kan wanda ya yi odar kayan. Tun da jirgi yana iya makara, musamman daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa, tilas a tara kaya da yawa a firji. Firji yana cin lantarki, lantarkin yawancin tsibiran nan kuwa da man da aka sayo daga waje ake samar da shi. Ka ga tsada ta hau kan tsada tun ba a hura wutar girki ba.

Dalili na uku, wanda a ganina ya fi sauran haɗari, shi ne canjin kuɗi. Mai aron suna yana sayen kayansa da kuɗin waje, yana sayarwa da kuɗin gida. Labarin Aisland ya isa misali. Ita ba ta da matsalar lantarki, domin Allah ya hore mata ruwa da zafin ƙarƙashin ƙasa, mutanenta kuma masu hali ne. Amma a Oktoba na 2008 manyan bankunanta uku, Kaupthing da Landsbanki da Glitnir, suka durƙushe, kuɗinta kurona ya rasa kusan rabin darajarsa. Mai riƙe da sunan McDonald's a ƙasar yana shigo da nama da cuku da kayan lambu, har albasa, daga Jamus, yana biya da yuro. Nan da nan kuɗin kayansa ya kusa ninkawa. A lokacin ana sayar da Big Mac, wato burodin nan nasu mai nama a tsakiya, kurona 650, kuma kafin ya sami riba sai ya kai shi 780. Ya san mutanen da tattalin arzikinsu ya karye ba za su biya ba. Masu saye suna nan, har dogayen layuka aka yi a kwanakin ƙarshe, amma kowane sayi hasara yake ƙara masa. Da ya rabu da kamfanin, sai ya sake wa gidajen suna zuwa Metro, ya koma sayen kayan cikin gida. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Dalili na huɗu shi ne baki da abin da ya saba. Mutanen Barbados sun fi son kaza da kifi a kan naman shanu. Abincin da suke taƙama da shi shi ne kifi mai tashi da wani tuwo da suke kira kuku, wanda ake tuƙawa da garin masara da kuɓewa, gadon kakanninsu da aka kwashe daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Ko baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda ake sa ran za su cike giɓin ƙarancin jama'a, sun fi yawa ne daga Disamba zuwa Afrilu, kuma wanda ya biya kuɗin jirgi daga Ingila ya fi son ya je kasuwar kifi ta Oistins ran Juma'a da dare, da ya ci abin da ya baro a ƙofar gidansa.

To amma fa, wani hanzari ba gudu ba. Kada mu tashi daga nan da tunanin cewa abincin gaggawa ba ya rayuwa a tsibiri. A Barbados ɗin nan akwai Chefette, kamfanin gida da Assad Haloute ya kafa a 1972, yana sayar da soyayyar kaza da roti, wato waina mai faɗi da ake naɗe nama da dankali a ciki, ya kuma yaɗu a ko'ina cikin tsibirin. A Jamaika akwai Tastee tun 1966, mai sayar da ƙullun fulawa da aka cusa wa niƙaƙƙen nama mai yaji aka gasa. KFC ma, da yake baƙo ne, ya kafu daram a Jamaika da Tirinidad da Barbados. Me ya bambanta su da wanda ya faɗi? Kaza ce. Kiwon shanu yana bukatar makiyaya mai faɗi da shekaru, kaza kuwa rumfa ta ishe ta, cikin mako shida ko bakwai ta isa yanka. Tsibiran nan suna da manyan gonakin kaji nasu, saboda haka babban abin da mai soya kaza ke bukata yana samunsa a gida da kuɗin gida, kuma shi ne abin da mutane ke so tun asali.

Ko a nan ma akwai abin lura. Gwamnatocin Jamaika da Barbados sun ɗora haraji mai nauyi a kan kajin waje domin kare manomansu, kuma talaka mai saye shi ke biyan wani sashe na wannan kariya. Har ila yau, masara da waken suya da ake ciyar da kajin, yawancinsu daga waje suke zuwa. Wato dogaro da waje bai ƙare ba, raguwa ya yi zuwa yadda za a iya ɗauka.

Tsibirin Bamuda ya bi wata hanya dabam. An taɓa yin McDonald's a sansanin sojan ruwan Amurka da ke can daga 1985 zuwa 1995, lokacin da aka rufe sansanin. Da wasu 'yan kasuwa suka nemi buɗe wani a cikin gari, sai majalisa ta yi doka a 1997 ta hana sababbin gidajen abinci masu aron sunan waje, aka bar KFC guda da ya riga dokar kafuwa. Ni dai ban ga wannan a matsayin abin koyi ba. Barbados ba ta kori kowa da doka ba, masu saye ne suka yanke hukunci. Doka tana iya hana baƙo shiga, amma ba ta iya koya wa ɗan gida tsabta da saurin aiki da riƙon amana, alhali kuwa waɗannan ne suka tsayar da Chefette a gaban abokan gasarsa.

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba wasunku za su zauna a ma'aikatun ciniki da na kuɗi da bankuna, inda za a kawo muku takardun neman lasisi ko rance ko rangwamen haraji, da babban suna na ƙasar waje a kan shafin farko. Sunan ba shi ne abin dubawa ba. Ku buɗe shafin lissafi ku tambaya: mutum nawa ne za su iya sayen abin nan a kai a kai? Kashi nawa na kayan aikin za a samu a gida? Idan kuɗin ƙasa ya faɗi da rabi, cinikin zai tsaya da ƙafarsa? Tambaya ta ukun nan ba baƙuwa ba ce gare mu, domin mun ga abin da ya sami masu dogaro da kayan waje bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Mu muna da yawan jama'a da faɗin ƙasa da makiyaya, abubuwan da mutumin tsibiri yake nema ido rufe. Idan shi da ƙarancin abin hannunsa ya gano cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, to mu ba mu da uzuri.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu yi wa ƙasarmu aiki da gaskiya.