Na'ura Ma Tana da Garinsu



Duk mai suna Sa'adu ko Asma'u ko Mu'azu ko Rabi'u a zauren nan, don Allah ya ɗaga hannu. Masha Allahu, kuna da yawa. Na san a cikinku akwai wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta zai cike fom, ya rubuta sunan da aka yanka masa rago a kansa, na'ura ta ce sam wannan ba suna ba ne. Laifinsa kawai 'yar alamar nan da ke rataye a sama. Dole ya cire ta, ya koma Saadu. Mutanen ƙasar Ailan masu suna O'Brien ma sun sha wannan wulaƙanci, ba mu kaɗai ba ne.

Na'ura ba daga sama ta faɗo ba. Mutum ne ya ƙera ta, kuma mutumin nan yana da garinsu, da harshensu, da yadda ake raɗa suna a gidansu. Abin da ya tashi ya tarar, shi yake zaton kowa na yi.

A shekarar 1963 aka fitar da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda ya ba kowane harafi lambar da kwamfuta za ta gane shi da ita. Gurbi 128 ne duka-duka. Baƙaƙen Turanci suka shige, lambobi suka shige, alamar dala ta sami wuri. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, ko wasulan Faransanci masu alama a ka ba su samu ba, balle Larabci da ke tafiya daga dama. Ba zan ce mugunta ba ce. Ma'ajiyar kwamfuta na da tsada a lokacin, kuma kasuwar gabansu suke kallo. Amma wa ya ji a jikinsa? Bahaushe ya rubuta "baki", mai karatu ya tsaya yana lalube: na cin tuwo ake nufi, ko launi, ko waɗanda suka sauka a gida? Larabawa kuwa sai suka ari lambobi, 3 ta zama ainun, 7 ta zama ha.

Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya buɗe ƙofa, kuma baƙaƙenmu masu lanƙwasa sun daɗe a cikinsa. Sai dai hannu ya riga ya saba. Yau za ka ga mai digiri a Hausa yana rubuta "kasa" alhali ƙasa yake nufi, ga kuwa harafin a wayarsa. Wannan kam ba laifin Amurka ba ne. Ku gwada mu da wasu yara biyu 'yan Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, da suka ƙirƙiro wa Fulatanci rubutun Adlam a 1989. Ba su gaji da bin lamarin ba har aka shigar da shi Unicode a 2016.

Kada a ɗauka Bature ne kaɗai ke zuba al'adarsa a cikin na'ura. 'Yan hotunan nan da muke liƙa wa saƙo, emoji, asalinsu Japan. A 1999 Shigetaka Kurita ya zana guda 176 wa kamfanin waya na NTT DoCoMo. Da aka kwaso su zuwa Unicode a 2010, sai suka taho da kayan garinsu: dunƙulen shinkafa, Dutsen Fuji, hasumiyar Tokyo, har da taswirar Japan ɗin kanta. Tafukan nan biyu da aka haɗe, a can godiya ce ko neman alfarma. Mu muka mai da su addu'a, alhali kowa ya san ba haka muke ɗaga hannu ba. Sai a 2017 aka kawo tafuka biyu a buɗe suna kallon sama. A shekarar ne kuma aka kawo mace mai hijabi, saboda wata yarinya 'yar Saudiyya mazauniyar Jamus, Rayouf Alhumedhi, ta zauna tana da shekara 15 ta rubuta takardar neman a sa. 'Yar shekara 15, malamai.

Ga inda ƙarfi ke nuna kansa. Ranar 1 ga Mayu 2019 sabon sarki ya hau a Japan, aka shiga sabon zamanin lissafin shekaru mai suna Reiwa. Saboda harafi ɗaya tak na wannan suna aka fitar da sabon bugu na Unicode. Mai kujera a inda ake yanke shawara ba ya bin layi. Habasha kuwa na da wata 13 a shekara, kuma daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe a lissafinmu shi ne ƙarfe ɗaya a nasu, amma mafi yawan manhajojin duniya a lissafin Turai suke tafiya.

Wanda ya tsaya ya dube mu kuwa ya ci kasuwa. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin, mai yin Tecno da Itel da Infinix, ya lura cewa mutumin Afirka na yawo da layi biyu ko uku saboda tsadar kira da ɗaukewar sabis, wuta ba ta zama, kuma kyamarorin da aka saita da farar fata suna mai da baƙin mutum inuwa. Sai ya yi waya mai sim biyu, mai batir mai jimiri, mai kyamarar da ke fitar da fuskarmu. Ba don Allah ya yi ba, ciniki ne. Amma ku leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku ƙirga abin da ke kan tebura.

Mu ma ba a zaune muke ba. Wanda ya ƙera waya bai yi ta don a kira a katse ba, mu muka mai da fulashin saƙo mai ma'ana. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, sai ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana gaisawa da jikanta a Kumasi, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiya da iyali da ruwan bana.

Ku ɗaliban kwamfuta, nan gaba ku za ku tsara fom ɗin asibiti da na makaranta. Kafin ku miƙa aikin, ku sa Asma'u ta gwada shi. Ku kuma tuna Bahaushe yakan jera sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, ba lallai ya shiga akwati biyun da kuka kwafo ba.

Shugaban taro, na ga ka dubi agogo sau biyu. Sha ɗaya ta yi, ko da yake a lissafin mutanen Adis Ababa ƙarfe biyar ke nan.