Sanyi, Hayaƙi da Talauci: Halin Rayuwa a Birnin Ulanbatar



Gabatarwa

A duk manyan biranen ƙasashen duniya babu wanda ya kai Ulanbatar, hedikwatar Mongoliya, sanyi. A watan Janairu sanyin dare kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, wani lokaci har 40. Duk da haka, kusan rabin al'ummar ƙasar a nan suke zaune. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa wahalar sanyi a birnin ta fi sauka a kan talaka, kuma gyaranta aikin hukuma ne.

Gari ɗaya, rayuwa biyu

A tsakiyar gari akwai benaye da ake tura musu ruwan zafi ta bututu daga tashoshin wutar lantarki, tsarin da aka gada tun zamanin Tarayyar Sobiyet. A gefen gari kuwa, kan tuddai, akwai unguwannin bukkokin makiyaya da ake kira ger, inda fiye da rabin mazauna birnin suke. Ba bututun ɗumi, ba famfo a gida, sai murhu da kwal. Da yawansu makiyaya ne da matsanancin hunturu ya raba su da dukiyarsu. Na 2009 zuwa 2010 kaɗai ya hallaka dabbobi fiye da miliyan 7.

Illa ga lafiya

Birnin yana cikin kwarin kogin Tul, duwatsu sun kewaye shi. Da hunturu iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, hayaƙin dubban murahu ya rasa mafita. A 2018 hukumar UNICEF ta fitar da rahoto tana gargaɗi kan yadda wannan iska ke jawo wa yara ciwon huhu. Uwa tana hura wuta don ɗanta ya tsira daga sanyi, hayaƙin wutar kuma yana cin ƙirjinsa. Gaba kura, baya sayaki.

A watan Mayun 2019 gwamnati ta hana ƙona ɗanyen kwal a gidaje, ta kawo curarren kwal da aka sarrafa. Hayaƙi ya ragu, amma aka riƙa samun mace-mace sakamakon shaƙar iskar guba a ɗakunan da ba su da mafitar hayaƙi mai kyau.

Kammalawa

Sauya makamashi kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne a kai bututun ɗumi da isasshiyar wutar lantarki unguwannin talakawa, a inganta gidajensu yadda za su riƙe zafi, a kuma tallafa wa makiyayi tun yana karkara kafin asara ta koro shi birni. Ina kira ga masu tsara birane da su auna nasarar aikinsu da lafiyar yaran da ke kwana a gefen gari.