Man shafawa na gida: aikin da za mu yi da ƙannenmu a hunturun bana



An ce in yi magana a kan haɗa man shafawa a gida tare da yara. Na hango wasu samari can baya suna murmushi, wai ai wannan zancen mata ne. To ku dakata tukuna, kuɗin man da ake shafa wa ƙannenku sau da yawa daga aljihunku yake fita, ya kamata ku san abin da kuke saye.

Mafi yawanmu a nan birni muke zaune, amma tushenmu yana Guci, Waca, Malawa, Dogo-Dogo, Dungas ko Magarya. Kun san yadda hunturu yake a can. Daga Disamba zuwa Janairu iska ta bushe, yaro ya fita lakwal ko makarantar allo da sassafe, ƙafa duk kaushi, diddige ya yi faso, leɓe ya tsage har jini. Muna ɗaukar faso kamar ba komai ba, alhali ƙofa ce a buɗe: ƙasa ta shiga, ƙwayar cuta ta shiga, ƙaramin tsagu ya koma gyambo. Buƙatar mai gaskiya ce. Tambayar ita ce wane mai.

Dungas da Maigatari kusa suke, kaya na ƙetarowa kowane mako, har da mayuka iri-iri. A cikinsu akwai masu kyau. Akwai kuma waɗanda aka yi su don fata ta yi fari, su ne muke kira bilicin, kuma abubuwa uku ne suka fi yawa a ciki. Na farko haidurokinon. Shi yana hana fata yin launin nan da Allah ya sa mata don ta kare kanta daga rana. In aka daɗe ana shafawa sai fuska ta koma dabbare-dabbare, baƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito a kumatu, wanda ya fi na farko duhu kuma da wuya ya tafi. Na biyu maganin kumburi mai ƙarfi, irin su kulobetasol, wanda likita ke rubutawa na ƴan kwanaki saboda wata cutar fata. Mutum ya mai da shi man kullum, fata ta yi siriri kamar ledar ruwa, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa, har yana iya kai ga hawan jini da ciwon suga. Na uku zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wadda ke ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijar da Najeriya duk suna ciki, ta hana sa zaiba a kayan kwalliya. Kodibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ruwanda ta bi baya a 2018, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana abin a matsayin lamarin gaggawa a 2023. Duk da haka kayan na nan a kasuwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya sauko kan yara. A 2025 BBC ta yi rahoto daga Kano a kan uwayen da ke shafa wa ƙananan ƴaƴansu irin wannan haɗi, wasu don kawai dangi sun fi nuna so ga jikokin da suka fi haske. Fatar yaro ta fi ta babba siriri, jikinsa kuma ƙarami ne, saboda haka abin da aka shafa masa ya fi saurin shiga jini. Kuma kada mu ce wannan matsalar Kano ce. Abin da aka sayar a Kano yau, jibi yana Magarya.

Yanzu ga aikin. Yara biyar ko shida sun isa zama ɗaya, daga shekara shida zuwa sama. A samo man kaɗe cokali uku, man aduwa ko man riɗi cokali ɗaya. In ana son da yawa sai a ninka a kan wannan awo. A zuba a ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin tukunya mai ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, don kada man ya ƙone. Wuta da ruwan zafi aikin babba ne. Da ya narke a sauke, a tace da tsumma mai tsabta, a bari ya fara daskarewa. Daga nan aikin yara ne: a ba su cokali su yi ta bugawa ana karɓa-karɓa, har ya yi fari ya yi laushi. Nan za ku ji gardama a kan wa ya fi ƙarfin hannu, ku bar su. In man leɓe ake so, a ƙara kakin zuma cokali ɗaya tun wajen narkarwa, zai yi tauri ya zauna a ɗan gwangwani.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: kada ruwa ya shiga. Mazubi ya bushe ƙayau, cokali ya bushe, hannu ya bushe. Mai zalla yana yin watanni a inuwa, amma ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya kawo fumfuna. Kafin a shafe jiki duka, a ɗan shafa a cikin hannu kusa da gwiwa, a jira kwana ɗaya ko biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, wannan yaron a bar shi da wannan haɗin. Lokacin shafawa kuma shi ne bayan wanka, jiki da ɗan laima, domin mai ba ya kawo ruwa cikin fata, riƙe wanda ke ciki yake yi.

Na ce man aduwa da gangan. Kaɗanya ba itacen yankinmu ba ce sosai, man kaɗe daga kudu yake zo mana, ko daga wajen Gaya. Aduwa kuwa tamu ce. Yaro ya tsotse ta ya jefar da ƙwallon, bai san mai ne a ciki ba. A fasa ƙwallo, a fitar da ƙwayar, a soya, a daka, a matse kamar yadda ake yi wa gyaɗa wajen ƙuli-ƙuli. A Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda aka kafa a 2014, yana sayen ƴaƴan itatuwan daji yana fitar da man aduwa har a sa a kwalba. Iyayenmu manoma na Magarya, Matamai da Mirya an san su a duniya saboda sassaben zamani, yadda tun shekarun 1980 suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa suna tsirowa a gonaki har ƙasa ta sake yin kore. Yaron da ya fasa ƙwallon aduwa da hannunsa ya ga mai ya fito, gobe ba sai an yi masa lacca a kan sare itace ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu da kalmar "na gargajiya". Masu tallar haɗi a TikTok da WhatsApp sun gano muna son kalmar, sai a zuba maganin kumburi cikin man kaɗe a ce haɗin gida ne. Duk man da aka ce zai ƙara haske cikin mako biyu, akwai abin da aka ɓoye a ciki. Ko a cikin namu na gida akwai abin da ba na yara ba. Ruwan lemun tsami a fata, aka shiga rana, yana ƙuna. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana sa fata ta yi bororo. Lalle na gaskiya ja yake bayarwa, shi ma ba a sa wa jariri. Kwallin dutse sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ita kuma dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Sabulu kuma, ina roƙon ku, a cire shi daga aikin yara gaba ɗaya. Sodar da ake haɗa shi da ita tana kama da suga, in an narkar da ita kuma tana kama da ruwan sha, yaro ya kurɓa maƙogwaro ya ƙone, wani har ƙarshen rayuwarsa ba zai haɗiye tuwo daidai ba. Ƙyasbi, makero ko ƙurajen da ke ruwa ba aikin man kaɗe ba ne, a kai yaro asibiti.

Akwai kuma abin da bakinmu ke faɗa lokacin da hannu ke aiki. Yara na ji. In ana haɗa mai kuma wata ta ce wa yarinya "shafa da yawa ko kya ɗan washe", to an rushe aikin ranar. A gaya musu gaskiyar abin da man yake yi: yana hana faso, yana sa fata laushi, ba ya canza launin kowa, ba kuma don haka aka yi shi ba.

Daga ƙarshe kowane yaro a ba shi takarda ya rubuta sunansa, kwanan wata, da abin da ke ciki da yawansa, da boko ko da ajami, a manna a jikin gwangwaninsa. Yarinyar da ta taɓa rubuta "kaɗe uku, aduwa ɗaya" da hannunta, ranar da aka miƙo mata kwalba marar rubutu a kasuwa za ta tambayi mai kaya me ya zuba a ciki.

Masu zuwa gida hutun nan, ku tafi da man kaɗen daga nan, ku tara ƙananan gwangwanaye masu murfi tun yanzu, a wanke a shanya. Aduwa da riɗi kuwa a can za ku saye su, hannun matan ƙauye. Wanda ke da tambaya, bisimilla.